Garin da ake kira Gaggafa

Daga birnin Rum zuwa L'Aquila tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a bas, hanya tana ta hawa tana ratsa cikin duwatsu. Muna sauka sanyi ya tarbe mu, domin garin yana gindin tsaunin Gran Sasso ne, a tsakiyar Italiya. Sunansa ne ya kawo mu. Ana furta shi Lakwila, wato Gaggafa, daga kalmar aquila ta Latin, harshen Rumawan dauri. Ko'ina muka duba, a tuta ko jikin bango, sai mu ga tambarin garin: baƙar gaggafa ta buɗe fikafikai.

A bakin Barume aquila ba tsuntsuwa ce kawai ba. Sunan tutar yaƙi ne kuma. Tun wajen shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kwamanda Gaius Marius ya sa kowace runduna ta riƙa ɗaukar gaggafar ƙarfe a kan doguwar sanda. Sojan da ke riƙe da ita aquilifer ake ce masa, wato maɗaukin gaggafa. Babu abin kunya ga runduna kamar a ƙwace mata ita. A shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa, dakarun Fartiya na ƙasar Farisa suka murƙushe sojojin Crassus a Carrhae, garin Harran na Turkiyya a yau, suka tafi da tutocin. Shekara 33 Rumawa ba su haƙura ba, sai da Sarki Augustus ya karɓo su ta hanyar sulhu.

Kalmar ba ta tsaya a fagen fama ba. Rumawa suna raɗa wa ɗa namiji suna Aquila. Masana halittu har yau da ita suke kiran wani dangi na gaggafa, kuma ɗaliban kimiyya za su iya cin karo da Aquila chrysaetos a littafi. Akwai kuma tarin taurari mai suna Aquila. Tauraruwar da ta fi haske a cikinsu ita ce Altair, sunan da ya fito daga Larabci, annasruɗ ɗa'ir, gaggafa mai tashi. Ku ma kuna iya hango ta da daddare a damina idan sama ta washe.

Amma ma'anar da ta fi tsaya mana a rai a titunan garin muka same ta. Ranar 6 ga Afrilu, 2009, da ƙarfe 3:32 na dare, girgizar ƙasa ta afka wa L'Aquila mutane suna barci. Fiye da mutum 300 suka rasu, dubbai suka rasa muhalli. A titin XX Settembre mun tsaya shiru a inda ɗakin kwanan ɗaliban jami'a ya rufta, mutum takwas suka mutu. Yawancinsu yara ne da suka baro iyayensu don neman ilimi, ba su girme ku da yawa ba.

Wannan ba shi ne karon farko ba. A 1703 ma girgizar ƙasa ta rushe garin. Mutanen nan suna cewa tun daga lokacin suka ɗauki baƙi da kore a matsayin launin garinsu, baƙi don makoki, kore don fatan alheri. Bayan 2009 da yawa sun ɗauka tsohon garin ya mutu ke nan. Ga shi kuwa majami'ar Collemaggio, wadda rufinta ya faɗi, an sake buɗe ta a 2017, shaguna sun dawo, ko da yake har yanzu akwai gidajen da aka tokare da ƙarafa.

Da yamma muka gangara zuwa tsohon marmaron nan mai bakin ruwa 99, wanda aka fara ginawa a 1272. Ruwa yana ta zuba, wasu ɗalibai suna zaune a gefe suna bitar karatu. Muka cika gorunanmu, muka kama hanyar tasha.