Faransancin Kakana da Ingilishin De Funès

A fadarmu ta unguwa a Damagaram na fara kallon La Grande Vadrouille, lokacin babban hutu. Wani aboki ya zo da shi a kwamfutarsa, muka baje kan tabarma, shayi yana kan gawayi. Mun yi dariya har maƙwabci ya leƙo ya ga ko lafiya. Amma ni akwai inda dariyar ta maƙale mini, kuma sai da na koma Yamai na gane dalili.

Ga wanda bai gani ba: fim ne na Faransa da ya fito a Disamba 1966, Gérard Oury ya shirya shi. Labarin a 1942 yake, Jamusawa sun mamaye Paris. An harbo jirgin yaƙin Ingila, sojoji uku suka diro da lema. Ɗaya ya faɗa gidan namun daji, ɗaya kan katakon wani mai fenti, wato Bourvil, ɗaya kan rufin Opera, inda Louis de Funès yake shugaban makaɗa. Mai fenti talaka ne mai sanyin hali, shugaban makaɗa kuwa guntun mutum ne mai girman kai da masifa. Ba wanda ke neman jarumta a cikinsu, dole ce ta sa suka ja baƙin nan zuwa kudu.

Yadda aka yi shi ma labari ne. Oury ya rubuta shi tare da ƴarsa Danièle Thompson da Marcel Jullian. Shi kansa mahaifinsa Bayahude ne, kuma ya yi gudun hijira zuwa Suwis lokacin yaƙin, don haka ya san abin da yake mayarwa raha, shekara 21 kacal bayan an ajiye bindiga. A cikin Opera na gaske aka ɗauki hoto, da izinin ministan al'adu André Malraux. De Funès ya yi wata uku yana koyon kaɗa sanda don kiɗan Berlioz na ƴan mintoci. Wurin da kowa ke tunawa kuwa, inda ya ɗare wuyan Bourvil yana ba shi oda, ba haka aka rubuta ba, a filin aiki ya fito. An sayar da tikiti sama da miliyan 17 a Faransa, ba fim ɗin da ya wuce shi sai Titanic a 1998.

To, inda na maƙale shi ne gidan wanka. Faransawan biyu sun je neman shugaban sojojin Ingila, kowa yana fito da waƙar da aka ba shi alama. Suka ci karo cikin tururi, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa Bature ne na Ingila, suka shiga yi wa juna Ingilishi. Wane irin Ingilishi! Kalmomin aro, ginin jimla na Faransanci, da wuri ya ƙure sai kalmar gida ta faɗo. A aji muna da sunan wannan abu, muna zana masa bishiya a allo. Abin da ya tsaya mini shi ne ba wanda ya ji kunya. Sun farfasa harshen wani, ƙasa guda ta tafa musu, har yau yaransu suna haddace wurin.

Kakana ya yi sojan Faransa kafin ƴancin kai, an kai shi har Aljeriya. Idan ransa ya ɓaci sai ya juya Faransanci, irin na bariki, aikatau ba ya canzawa, ko'ina "ya" da "yapa". Mu jikoki ƴan lakwal mukan ɓuya bayan zana muna kwaikwayonsa. Ni na fi kowa iyawa. Kuma a lokacin nan ne mushe yake rataya mana sambol in an kama mu da Hausa a baki, wallahi har yau ina jin igiyar a wuyana. Aka koya mini kunyar Hausata da rana, da dare na je ina dariyar Faransancin tsoho.

Sai a shekarata ta biyu a jami'a na ji cewa a 1916 an buga wa hafsoshin Faransa littafi na koya musu wannan gurguwar magana, don su yi ta da sojojin Afirka. Ashe kakana bai lalata komi ba. Abin da aka ba shi ya riƙe, kuma ya riƙe shi daidai. Wanda ke son jin sa ya nemi Camp de Thiaroye na Sembène, na 1988, sai dai can dariyar ba ta da nisa.

Ban daina son fim ɗin Oury ba, na sake kallonsa sau huɗu. Amma yanzu ina son in rubuta kundina kan Faransancin tsofaffin sojojinmu, ga shi kakana ya rasu ina ƴar sakandare, ba wanda ya ɗauki muryarsa. Na kira inna na ce ta tuno mini maganganunsa. Ta yi shiru, ta ce ita ba ta taɓa ji ba, mu ne dai muke kwaikwayo. Ta ce in tambayi kaina.