Kufai ba fili ba ne, ko a cikin wasa

Tun 2023 wasan Minecraft ya ƙara burushin share yashi, don a tono tsoffin kaya a kufai. Amma ɗalibaina a Diffa, da sun tarar da rusasshen gini a wasan, sai su baje shi su kafa bene. Nakan ce su dakata.

Ina tuna musu Birnin Gazargamu, tsohuwar fadar Borno da ke kwarin Komadugu a tsallaken iyaka, wadda ta faɗi a 1808. Yau sauran ganuwa da jan bulo ne shaidarta. Wanda ya kwashe bulo ɗaya ya yage shafi daga tarihinmu.

Don haka na gindaya musu sharuɗɗa uku. Ku zana kufan kafin ku taɓa komai. Ku bi harsashi, shi zai nuna faɗin ɗaki da wurin ƙofa. Abin da kuka ƙara da hasashe, ku gina shi da dutse mai launi daban.

Na ukun ya fi muhimmanci a wurina. Yaron da ya saba raba abin da ya gani da abin da ya zata, da wuya jita-jitar WhatsApp ta ja shi.