Ƙwayoyin Cuta 'Yan Tauri

Kafin in ce komai, ina neman gafarar 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci, domin na san wasunsu za su ce ɗalibin Hausa ya shiga sharo ba shanu. Gaskiyarsu. Ni iyakata nahawu da adabi da al'ada. To, amma shekarar 2023 ta zaunar da ni kwana goma sha shida a bakin gadon asibiti, na zama tafinta tsakanin likita da mahaifiyata, kuma a can ne na ga yadda kalma guda ta kusa kai yayana kushewa. Kalmar kuwa ita ce "sanyi".

Yayan nan nawa shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Hawan jini ne ya cinye masa ƙodoji biyun tun bai cika shekara talatin da biyar ba, ya yi shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda, sau biyu a mako in da kuɗi, sau ɗaya in babu. Gonar gadonmu ta tafi a wannan hidima, shanun Baba suka bi ta. Da likitoci suka ce sai dashe, aka auna mu ɗaya bayan ɗaya. Nawa jinin bai dace ba, na Inna ya dace. Inna kuwa, irin matan nan ne na da, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai "wancan" ko "yaron nan", kuma in ya shigo gaishe ta bango take kallo. Ita ce ta dangwala yatsa a takarda ba ta ce uffan ba, aka shiga da ita aka cire mata ƙoda guda. Tun daga ranar, duk lokacin da malaminmu na al'ada ya zo kan darasin alkunya, ni Inna nake gani.

Dashen ƙoda ba sabon abu ba ne. A shekarar 1954 aka fara cin nasararsa a birnin Bostan na Amurka, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, a Nijeriya kuwa aka fara a Legas a 2000, sa'an nan Kano a 2002. Tagwayen sun ci sa'a, don jikin ɗaya bai ɗauki ƙodar ɗaya baƙuwa ba. Sauran mutane ba haka abin yake ba. Likitar da ke duba Yaya ta ce mini jiki yana da dogarawansa, watau garkuwar jiki, waɗanda ba sa ƙyale baƙo ko da daga cikin uwa ya fito. Saboda haka wanda aka yi wa dashe zai yi ta shan magunguna irin su takrolimus safe da dare har iyakar ransa, don dogarawan nan su yi gyangyaɗi su ƙyale baƙuwa ta zauna. Amma dogari in ya yi gyangyaɗi ba baƙon kirki kaɗai ke wucewa ba, har ɓarawo.

Ƙofar da ɓarawon ya fi bi kuwa ita ce hanyar fitsari. Ba a can baya ake dasa sabuwar ƙoda ba inda na asali suke. A mara ake ajiye ta, dab da mafitsara, a haɗa su da ɗan gajeren bututu. Bayan aiki akan bar robar fitsari 'yan kwanaki, a kuma bar wata siririyar roba a ciki har wasu makonni, duk kuwa tsani ne ga ƙwayar cuta. Shi ya sa cutar hanyar fitsari ta fi kowace cuta yawan kama masu sabuwar ƙoda, musamman a watannin farko. Ƙwayar da ta fi kawo ta, wadda likitoci ke kira E. coli, ba daga nesa take zuwa ba, a cikin hanjin mutum take zaune.

Wata huɗu bayan aiki, ina gida hutu, Yaya ya ja ni bayan ɗaki ya rage murya. Ya ce, "Ƙanena, fitsari na yi mini zafi kwana biyu ke nan. Ina jin sanyi ne. Je ka kemis ka samo mini wani abu, kada ka bari kowa ya ji."

Ya kai mai karatu, dubi nauyin da muka ɗora wa wannan kalma. Hunturu sanyi, ciwon gaɓoɓi sanyi, ƙaiƙayin mata sanyi, zafin fitsari sanyi, cutar da ake ɗaukowa wajen neman mata ita ma sanyi. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce ta danne sauran, har ya zama magidanci mai mutunci ya gwammace ya mutu da ciwonsa da a ji ya furta. An yi wa Yaya gargaɗi a asibiti cewa ko zazzaɓi ya ji ya komo, amma da Turanci aka yi, da sunan da ba shi da abin kunya a ciki. Da ciwon ya zo, da sunansa na Hausa ya zo.

Na je kemis. Yaron da ke ciki bai tambaye ni wa zai sha ba, abin da ya ce kawai, "Na nawa za a ba ka?" Na faɗa, ya ƙirgo mini kafso na kwana uku ya ƙulle a leda. Ranar farko Yaya ya ce ya ji dama. Daren na huɗu sai ga matarsa tana buga ƙofa: yana rawar ɗari haƙora na haɗuwa, jiki kamar garwashi, mara ta yi tsami daidai wurin ɗinki, fitsari kuma ya ja baya.

A asibiti aka ɗebi jini da fitsari. Ashe fitsari ma shuka shi ake yi. Akan shafa shi a wani faranti mai abincin ƙwayoyin cuta a ajiye a wuri mai ɗumi, in sun tsiro a jera musu magunguna iri iri a ga wanda zai kashe su. Aikin kan ci kwana biyu zuwa uku, majinyaci kuwa yana kwance ana lalube. Ran da takardar ta fito likita ta nuna mini. Sunayen magunguna ne a jere, gaban kowanne da harafi guda: R ga wanda ƙwayar ta gagara, S ga wanda ke cinta. Na bi da yatsa. Kafson da na sayo, R. Septrin da yake sha kullum tun bayan aiki, R. Allurar da aka fara yi masa daren da muka zo, R. Sai can ƙasa na ga S guda uku tak, biyu daga ciki kuma likita ta ce masu ɓarna ne ga ƙoda.

Inna na zaune a tabarma a baranda, ta ce in gaya mata abin da aka ce. Na fara kame-kame, sai ta tari numfashina: "To, jikinsa ne ya saba da magani." Haka kowa ke faɗi a garinmu, ni ma haka na ɗauka. Da na mayar wa likita sai ta girgiza kai ta ce a'a, ba jiki ke sabawa ba, ƙwayar cutar ce ke sabawa, kuma bambancin babba ne. Na daɗe ina juya maganar ina neman Hausarta, har Allah ya kawo mini 'yan tauri. Na ce, "Inna, kin san ɗan tauri, a sa masa wuƙa ta lanƙwashe? To, ƙwayar ce ta sha tauri." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Wa ya ba ta?"

Amsar ita ce mu. Duk sa'ad da mutum ya sha irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba, ko ya sha shi don mura wadda ba ya yi mata komai, raunana daga cikin ƙwayoyin sai su mutu, masu taurin kai su saura su gaji fili. Ƙwaya guda kuwa tana iya rabuwa biyu cikin minti ashirin, ka ga kafin gari ya waye ta tara zuriya. Abin da ya fi ba ni mamaki, suna ba juna laƙani: wadda ta iya karya magani takan miƙa wa maƙwabciyarta sirrin, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Alekzanda Filemin, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi kashedin haka tun 1945 a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, cewa shan abin da bai isa ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jurewa. A 2008 aka sami wata ƙwaya mai karya har manyan allurai a fitsarin wani majinyaci a ƙasar Suwidin, wanda ya yi jinya a birnin Delhi na Indiya, kafin 'yan shekaru irin laƙaninta ya zaga duniya. Tauri dai ba ya neman fasfo.

Aka sa Yaya a kan allurar merofenem, ta jijiya, sau uku a yini har mako biyu, kowace kwalba kuwa kuɗinta ya fi abin da nake ci a mako a makaranta. Na tambayi likita, in wannan ta ƙi fa? Ta ce sai irin su kolistin, tsohon magani wanda likitoci suka jingine tun shekarun 1970 saboda yana lalata ƙoda, tilas ta sa aka komo gare shi. In kuma aka rage maganin da ke sa dogarawa gyangyaɗi don su taya yaƙi, suna iya farkawa su far wa ƙodar kanta. Gaba kura, baya sayaki. Ƙodar da ake wannan caca a kanta kuwa ta Inna ce, ba ta da wata da za ta sake bayarwa.

A dare na biyar na kasa daurewa, na tare likita a hanya na ce ni ne na sayo kafson. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma wanke ni ba. Ta ce kwana uku na kafso ba su ne suka yi wa ƙwayar tauri ba, mai yiwuwa ta daɗe a hanjinsa tun zamanin zirga-zirgar asibiti da yawan allurai. Abin da na jawo shi ne jinkiri: kwana huɗun da aka ɓata su ne suka ba ta damar hawa daga mafitsara zuwa ƙoda, daga ƙoda zuwa jini. Har yanzu ban san ko sauƙi ta yi mini da wannan magana ko ƙarin kaya ba.

Daga baya na karanta wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2022, wanda ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne ƙwayoyin cuta masu tauri suka kashe kai tsaye a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne a kan gaba. Ban yi mamaki ba. Je ka tashar mota ka ga ja-da-yalo a faranti cikin rana ana sayar da shi ɗai-ɗai kamar alewa, mai gudawa ya sha biyu, mai kaji ya barbaɗa musu a ruwa. Ga masu lasifika a kasuwa suna rantsuwa cewa kwalba guda tana maganin sanyi kowane iri. Mu kuma masu nazarin harshe muna da namu kason, domin har yau a bakin talaka maganin ciwon kai da maganin kashe ƙwayar cuta duk "ƙwaya" ne, ita cutar ma "ƙwaya" ce. Mutumin da ba shi da sunan da zai raba abu biyu, ta yaya za a ce ya yi musu riƙo dabam dabam?

Zazzaɓin ya sauka a rana ta shida, aka sallame mu a ta goma sha shida. Ƙodar ta tsira, amma awon jini ya nuna ba ta koma ƙarfinta na da ba. Bayan wata uku aka sake shuka fitsarin, sai ga ƙwayar nan ta sake tsirowa da R ɗinta a jere, alhali Yaya lafiyarsa lau, ba zafi ba zazzaɓi. Muka zaci za a koma allura. Likita ta ce a'a, muddin ba ta tayar da ciwo ba a ƙyale ta, domin kai mata hari ba dalili shi ne zai sa ta koyi karya 'yar allurar da ta rage. Sai dai ya yawaita shan ruwa, kada ya riƙe fitsari, kuma ko ɗumi ya ji a jikinsa ya zo a ranar.

Wannan hukunci bai gamshi Inna ba ko kaɗan, ta ce ba ta taɓa jin an ga maciji a ɗaki an ce a bar shi ya kwana ba. Amma ta sayi sabuwar buta mai murfi, kullum da asuba takan tafasa ruwa ta cika ta ajiye a bakin ƙofarta. In ina gida sai ta kira ni, tana kallon bango, ta ce, "Ɗauki ka kai wa wancan. Ka tsaya ka ga ya shanye."