Ɗan Filin Bayan Ɗaki

Ku matso kusa, 'yan uwana, a gyara tabarma, yau hirar tamu ta bayan ɗaki ce. Ɗan wurin nan da muke jibge fasassun bokitai da tsohon turmi, shi nake nufi. Kun dai san yadda cefane ya koma, a ba yaro kuɗi cike da hannu ya dawo da 'yar leda, mu kalli juna, sai wata ta ce Allah ya kyauta, duk mu amsa da amin, hmm.

Amma fa mu ba baƙi ba ne a harkar nan. Wace ce a cikinmu ba ta tashi ta ga zogale a jikin dangar kakarta ba, kabewa ta haye rufin ɗaki, akuya na turke, kaji na akurki? Zogalen nan, tawan, ko reshe kika yanko kika kafa zai kama, in ya miƙe ki sare kansa ya yi rassa, ki huta da sayen ganye. Alayyahu kuwa wata guda ya isa ki fara tsinka, kuɓewa wajen wata biyu. Wadda gidanta siminti ne kada ta ce an bar ta a baya, buhu ya ishe ta: a huda gindinsa, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a jera a inda rana ke samu. Ruwan alwala da na wanke shinkafa duk a juye can, na wanki mai kumfa ne kawai ba ma so. Ranar da za ki fita da 'yar wuƙarki da safe, raɓa na taɓa miki yatsu, ki dawo da yakuwa cike da faifai, wallahi wani sanyi ne ke sauka a zuciya, sai wadda ta ɗanɗana, ko ba haka ba?

Sai uwar gayya, akuya! Jar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna tun zamanin ayarin raƙuma, har Turawa na kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Cikinta wata 5 ne, kuma sau da yawa tagwaye take zubowa. Ita ce asusun mace, ranar kuɗin makaranta ko kayan ɗakin 'ya, kin san inda za ki juya ba tare da kin buga ƙofar kowa ba. Dusa, harawa, ƙowar wake, ɓawon doya, duk ta share. Sai dai fa, ƙawayena, idonta na kan lambun nan dare da rana, tana tauna tana kallonsa ta gefe, ki juya baya kawai ki ga aiki! A ɗaure ta da kyau, a yi wa shuka shinge, in ba haka ba ita za ta sha miyar kafin mai gida, hahaha.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda komai ke zagayawa ya dawo. Ragowar tuwo ta tafi wurin kaji, ganyen da muka tsince ya tafi turke, kashin akuya ya koma buhu, buhu ya ba mu miya. Kashin kaji dai a bar shi ya kwanta ya huce, ɗanyensa ƙona shuka yake. Kaza ta kwanta kwana 21 ta fito da 'yan tsakinta, in kika sa mata ƙwan zabi ta ƙara kamar mako guda, ta riƙe su da zuciya ɗaya, tana yawo da 'ya'yan wata tana taƙama, kai, Allah mai iko!

Akwai ranar hawaye ma, kada mu ɓoye wa juna. Ciwon kajin nan da ke zuwa da hunturu yana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, ki tashi ki ga sun sunkuyar da kai, abin tausayi. Yana da rigakafi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yinsa, a ɗiga a ido ko a sa a ruwan sha. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, shi ya sa ya fi kyau mu haɗa kai da maƙwabta a yi rana guda, tun sanyi bai shigo ba.

Daɗin ma ai a rabon yake. Ki miƙa wa maƙwabciya kwanon kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ta kan katanga, gobe sai ga ƙwan zabi ya biyo ta hanyar. Fulani suna da habbanaye, a ba ɗan uwa aron dabba ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Me zai hana mu ma mu yi a tsakaninmu? Mai akuya biyu ta ba marar ko ɗaya, mai irin kuɓewa ta ƙulla a leda ta kawo zama na gaba. Ke kuma da kike ta murmushi a gefe, aminiyata, ki tanadi buhunki biyu, reshen zogale yana wurina.