Na Dama a Hoton Kakana

A Zangon Kumasi aka haife ni, amma sai da na haura shekara talatin kafin na taka tsohuwar fadar Manhyia, duk da cewa babu nisa daga unguwarmu. Wani baƙo ne ya nemi in raka shi, na bi shi don kunya.

Turawan Ingila suka gina gidan a 1925 domin Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, wanda suka kama a 1896, bai dawo daga tsibiran Seshel ba sai a 1924. Ya zauna a ciki, haka ma magajinsa, Prempeh na Biyu, sannan a 1995 aka mayar da gidan wurin adana tarihi. Kujerun falo da teburin rubutu suna nan, kamar masu su sun fita ne za su dawo. Ga hotunan sarakuna da na iyayensu mata, ga mutum-mutumin Yaa Asantewaa, wadda ta ja ragamar yaƙin 1900. Mai yi mana jagora bai wuce hoto ko ɗaya ba sai ya ce, wannan wane ne, ɗan wance, domin a wurin Asante ta tsatson uwa ake gadon sarauta. Ya kuma nuna mana kayan zinariya da sojan Ingila suka kwashe tun ƙarni na 19, waɗanda aka dawo da 32 daga cikinsu a 2024, amma a matsayin aro. Raina ya ɓaci: yaya za a ara wa mutum gadon kakansa?

Ina komawa gida fushin ya juyo kaina. Ɗakin kakata ma gidan tarihi ne, ban sani ba. Akwai jeren tasoshi da kwalla tun na aurenta, da akwatin ƙarfen da kakana ya zo da shi daga Kano lokacin da yake fataucin goro. Bayan rasuwarta muka ce tarkace ne, muka sayar a kan kuɗin da ba su kai na cefanen mako ba. Babu sojan da ya ƙwace mana, da hannunmu muka miƙa.

Hoto ɗaya ya tsira: kakana a zaune da rawani, maza biyu a tsaye a bayansa. Bayan hoton fari fat, babu suna, babu shekara. Washegari na ɗauki fensir na nufi wurin Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yansa. Ta kai hoton bakin ƙofa inda haske yake, ta ce na hagu ƙanensa ne da ya rasu a Salaga. Na rubuta.

"To, na dama fa, Gwaggo?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ɗana, da Inna za ka tambaya. Ita ta san shi."