Bargon da na ɗinka wa Inna

Ambaliyar da ta afka wa garin Gummi a watan Agusta na 2024 ba ta rushe ɗakin Inna ba, amma ta cinye shimfiɗarta kaf: katifa, tabarmi, har da tsohon gwadon saƙi da ta gada wajen mahaifiyarta. Ni ina aure a Anka, kuma ina taɓa ɗinki. Da kaka ta yi, wani ɗan'uwanmu da ke noma a ƙasar Bukkuyum ya aiko mini da auduga, sai na ƙudura zan ɗinka mata bargo mai kauri kafin hunturu ya kankama.

Niyyar ba ta da aibi. Aikin ne na ha'inta, kuma ina sane.

Audugar da aka tsinko daga gona, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce. Iyayenmu sukan zauna da dutse da magurji su gurje ta sannu a hankali, sannan su shiɓe ta da baka har ta tashi sako-sako, babu ƙulli. Yanzu kaɗi da saƙa sun ja baya a gidaje, masu wannan haƙurin sun yi ƙaranci. Ni dai na tsittsince abin da idona ya gani, na yayyaga sauran da hannu, na shimfiɗa tsakanin ƙyallayen atamfa da na harhaɗa. Gwaggon maigidana ta shigo, ta danna da tafin hannu.

"Ɗiyata, wagga auduga da sauran angurya cikinta. Kuma ɗinkin ga ya yi nisa da juna."

"Gwaggo, mota za ta tashi jibi," na ce mata.

Ba ta ƙara ba. Gaskiya ne samun amintaccen mai tafiya ta hanyar Daki Takwas zuwa Gummi ba kullum ba ne a wannan zamani na rashin tsaro, amma da wannan na fake. Ina son a ce na aika da wuri, kuma fuskar bargon ta yi kyau, ita ce za a gani.

Sai bayan sanyi ya wuce na samu zuwa gida. Na tarar da bargon a ninke kan gado. Da na ɗaga, audugar duk ta gangara ta dunƙule a kusurwoyi, tsakiya kuwa ƙyalle biyu ne kawai, iska na ratsawa. Angurya tana da mai, ga tabonta nan ɗigo-ɗigo, ɓeraye sun bi ƙanshin sun huda gefe. Atamfar ma ban wanke ta kafin ɗinki ba, wankin farko wata ta tsuke, wata ta zuba. Ƙanwata ce ta faɗa mini cewa Inna ta yi Disamba da Janairu tana lulluɓa da shi haka, tana ɗora zannuwa a kai, ta kuma hana a gaya mini. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ta ce aikin ɗiyarta ne. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta kwana cikin sanyi don kada raina ya ɓaci. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. An faɗa mini, ban ji ba."

Ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ai kin yi ƙoƙari."

Na dawo da bargon Anka na farke gaba ɗaya, na je na durƙusa gaban Gwaggo na roƙi ta koya mini. Ita ta nuna mini a shimfiɗa audugar sala-sala, wani kan wani, a fara kama ta da dogon zare daga tsakiya zuwa baki, kuma kada tazarar layin ɗinki ta wuce faɗin tafin hannu, a tsaye da a kwance. Gurzar kaɗai ta ci mana makonni, yatsuna suka yi kanta. Wannan karon sai da Gwaggo ta bi shi kusurwa-kusurwa tana dannawa, ta ce ya yi, sannan na nemi mai tafiya Gummi.