Kututture Bai Mutu Ba

Mu da muka tashi a karkara, abin da muka tarar shi ne manomin kirki ba ya barin tsiro a gonarsa. Da bazara ta kama sai a shiga sassabe, a sare sabara da kalgo, a tara, a cinna musu wuta. Gona ta yi fes, mai ita ya ji daɗi. Amma fa iskar farkon damina ba ta da mai tare ta. Sai ta kwaso rairayi ta binne shuka, har mutum ya yi shuka biyu ko uku kafin gero ya tsaya.

Bayan farin 1973 an kashe kuɗi masu yawa a ƙasar Nijar wajen dashen itatuwa. A yi renonsu a gandu, a kai su ƙauyuka a dasa, sa'an nan rani da awaki su gama da galibinsu. A shekarar 1983 wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura da abin da ke gaban kowa. Ashe tsiron nan da a ke sarewa kowace shekara toho ne na kututturen itatuwa, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa.

To, kai mai karatu, ga yadda a ke yi. Ka zaɓi toho mafi ƙarfi, ko ɗaya ko kaɗan, ka sare sauran, ka riƙa rage rassan ƙasa. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, ba ta bukatar ban ruwa. Wannan shi a ke kira sassaben zamani.

Ni dai a cikin itatuwan gona ban ga kamar gawo ba. Shi ne ke zubar da ganye da damina, watau ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuwa ya zama taki. Da rani, sa'ad da galibin itatuwa suka tsiraita, sai shi ya yi kore shar, dabbobi su kwanta gindinsa su bar kashi, su ci 'ya'yansa. Dubi geron gindin gawo, ka dubi na nesa da shi.

Sai dai dabara kaɗai ba ta isa ba. A da itace na hukuma ne, wanda ya sare na gonarsa ma malamin daji ya ci shi tara. Wa zai reni abin da ba nasa ba? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata shi zai ci moriya, sa'an nan abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Masana da suka gwama hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kamar miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram.

Ɓarayin itace na dare ba su ƙare ba. Shi ya sa ƙauyuka da dama suka naɗa masu tsaro, har da mata da Fulani makiyaya a cikinsu.